Bruce Forsyth da zancen wai tsufa ya hana shi aiki

Lokacin da Bruce Forsyth yake gabatar da Strictly Come Dancing, shirin gasar rawa na BBC a Ingila, masu suka sun yi ta cewa ya tsufa, yana tuntuɓen harshe wajen karanta rubutun da ake haska masa, barkwancinsa kuma na zamanin da ne. Tuntuɓen kam yana yi, babu musu. Kuskuren shi ne ɗaukar cewa aikin mai gabatarwa karatu ne kawai.

Kai tsaye ake watsa shirin ranar Asabar da yamma, kuma waɗanda suke fafatawa ba ƙwararrun 'yan rawa ba ne, shahararrun mutane ne da aka haɗa su da gwanaye. Idan alƙalai suka caccaki mutum yana tsaye yana haki, sai an sami wanda zai kwantar masa da hankali, ya kuma sa 'yan kallo dariya nan take. A nan Forsyth ya fi ƙarfi, domin shi kansa ɗan rawa ne, tun yana shekara 14 yake hawa dandamali.

An haife shi a 1928, ya fara fitowa a talabijin a 1939. Ya riƙe shirin tare da Tess Daly daga 2004, kuma miliyoyin mutane ba su daina kallo ba. Da kansa ya sauka a 2014 yana da shekara 86, saboda wahalar shirin kai tsaye. Ya rasu a 2017.