Sarkin Maska yana zaune a Funtuwa, kuma ba banza ba

Duk wanda ya san kudancin Katsina ya san cewa Hakimin Funtuwa sarautarsa Sarkin Maska. Mun saba da jin hakan har mun daina tambaya. To, me ya kai sarautar wani gari zama a wani garin?

Maska tsohon gari ne mai sarkinsa, ya yi suna da saƙa da rini tun kafin jihadi. A lokacin Funtuwa ba ta kai a jera ta da shi ba. Yau Funtuwa ce gari na biyu a girma a Jihar Katsina, Maska kuwa mazaɓa ce a ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Funtuwa. Ra'ayina shi ne duk wanda ya ba da tarihin garin ta hanyar jero sunayen hakimai kaɗai ya ɓoye abin da ya juya al'amarin, wato haraji da auduga da dogo.

Bayan Turawa sun ci ƙasar a 1903, babbar damuwarsu kuɗin gudanar da mulki ce. Suka yanka masarautu gunduma-gunduma, suka sa kowane hakimi ya zauna inda Di'o zai iya riskarsa ya duba littafin haraji da na jangali. A Katsina ma aka fara kafa baitulmali, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Harajin nan kuma da kuɗin Bature ake biyansa, an daina karɓar wuri. Manomi ya nemi abin da zai sayar ya sami sule, abin da Bature ke saye a wannan yanki kuwa auduga ce.

Nan ne gizo ke saƙar. Masu masaƙun Ingila sun kafa kamfanin bunƙasa noman auduga mai suna BCGA a 1902 domin kada su dogara da audugar Amurka kaɗai, ƙasar kudancin Katsina kuma ta karɓi auduga sosai. Aka kafa injin gurza a Funtuwa, aka ja layin dogo daga Zariya ya ratsa ta garin zuwa Gusau, ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Kantuna suka biyo tasha, 'yan ƙwadago da ma'aikatan jirgi daga Kudu suka biyo kantuna. Audugar da a da ake kaɗawa a saƙa a gida, a tsoma a marina, sai ta koma ɗauri-ɗauri tana hawa jirgi zuwa bakin teku, ta dawo mana a matsayin yadin kanti. Kujerar hakimi ta koma inda sikeli yake.

Na san za a ce ai garin ya amfana, kuma gaskiya ne. Ba na cikin masu cewa duk abin da Bature ya taɓa ya lalace. Haɗuwar ƙabilu da ta sa Funtuwa ta zama gari mai karɓar baƙo daga wancan zamani ta samo asali, haka ma kasuwancin da ya haifar da masaƙar Funtuwa daga baya. Amma riba da asara ba a gida ɗaya suka sauka ba. Masaƙi da marini na Maska ba wanda ya tambaye su.

Abin da ya sa wannan ya wuce hirar dattawa shi ne tashar tsandauri da aka kafa a Funtuwa, wato wurin sauke kaya da lodinsu irin na tashar jiragen ruwa amma a kan tudu. Ana ta murna, alhali layin dogon da ya yi garin ya daɗe ba ya ɗaukar kaya yadda ya kamata, noman auduga kuma ya ja baya ƙwarai. Bature, duk da son kansa, ya tabbatar da abin da zai ɗauka da abin da zai ɗauke shi kafin ya gina sito. Mu mun fara daga sito.

Ina ganin ya kamata Masarautar Katsina da Ƙaramar Hukumar Funtuwa su sa a naɗi bayanan tsofaffin Maska da na unguwannin da ke kewaye da tasha, su kuma hana a rushe tsofaffin gine-ginen jirgi a yi shaguna. Waɗanda suka yi dako a gidan gurza kafin 1960, mafi ƙanƙantarsu yanzu ya haura tamanin.