Tozarci ne aka sa wa kiɗa, ku daina ce min barkwanci ne

Tun daren jiya nake ta ƙoƙarin in bar maganar nan ta wuce amma wallahi ta ƙi barina in yi barci. Waɗanda muke guruf ɗaya na tsofaffin ɗalibai kun ga komai, kun ga guntun bidiyon da aka turo, kun ga yadda aka yi ta jera alamar dariya har da masu cewa cikinsu ya ƙulle, kun kuma ga abin da aka ce min da na ce ni ban ga abin dariya a ciki ba. Wai na cika ɗaukar abu da zafi, wai ai fim ne. To na ji fim ne. Bari in faɗi tawa a nan inda ba admin ɗin da zai goge min.

Guntun nan daga American Pie aka yanko shi, fim ɗin 1999. Yaro ɗan sakandare ya saita kyamarar kwamfuta a ɗakinsa, yarinya baƙuwa 'yar ƙasar Czech da ta zo karatu Amurka ta shiga ɗakin za ta canja kaya, ba ta san ana kallonta ba, shi niyyarsa abokansa su gani sai ya yi kuskure ya tura wa makaranta gaba ɗaya. Kuma fim ɗin so yake mu yi dariyar yadda shi yaron ya ji kunya daga baya. Ita fa? Masu ɗaukar nauyinta suka ga bidiyon aka tattara ta aka mayar da ita ƙasarsu. Shi ya ci gaba da zuwa aji abinsa, ba kora, ba ɗan sanda, ba ko wanda ya zaunar da shi ya ce kai abin da ka yi laifi ne, har bikin rawar ƙarshen shekara ya je. An kashe wajen dala miliyan 11 a fim ɗin, ya dawo da sama da miliyan 200, aka yi na biyu aka yi na uku. Ma'ana duniya ta biya kuɗi ta zauna ta kalli an tona wa yarinya asiri ta yi dariya, mu ma ga mu nan bayan shekara ashirin da wani abu muna tura wa juna a waya.

Matsalata da irin waɗannan finafinan ɗaya ce tak, kuma ita zan yi ta maimaitawa ko za a gaji da ni: kyamarar tana tsaye ne a layin masu dariya. Ba ta tsaya kusa da wanda ake yi wa ba. Ka lura da kyau duk lokacin da aka zo wurin nan da yaro ya faɗi da farantin abinci a gaban kowa, ko wandonsa ya yage, ko aka karanta wasiƙar da ya rubuta wa yarinya da ƙarfi a tsakiyar aji, me ake nuna maka? Fuskokin masu dariya, ɗaya bayan ɗaya, sai a saka kiɗa mai tsalle-tsalle don ka gane cewa yanzu ne lokacin dariyarka. An mayar da kai ɗaya daga cikinsu ba tare da an tambaye ka ba. Sai a yanke a tafi wani wurin, washegari yaron ya dawo makaranta garau kamar ba abin da ya faru.

Ƙarya ce. Ba haka ake dawowa ba, ni na sani.

Na yi makarantar kwana. Muna aji ɗaya akwai wani yaro a ɗakinmu mai fitsarin kwance, ba zan faɗi sunansa ba ba zan faɗi makarantar ba. Wata Asabar da safe siniyoyi suka ɗora masa katifarsa a ka suka sa ya zagaya duk ɗakunan kwana, mu ƙanana aka jera mu a bayansa muna tafi muna yi masa amalala. Ina cikin masu tafin. Na yi dariya har da hawaye, kuma ba wanda ya tilasta min dariyar, tafin kawai aka tilasta. Abin da ba zan manta ba shi ne bai yi kuka ba, murmushi ya yi ta yi irin na wanda yake roƙon a ɗauka shi ma yana cikin wasan. Daga ranar bai ƙara cin abinci a dainin tare da mu ba, sai ya jira kowa ya watse. Da aka dawo daga hutu bai dawo ba, gadonsa aka ba wani. Yau shekara nawa amma duk sanda na ga irin wannan wurin a fim murmushin nan nake gani, to don Allah kar wani ya zo ya ce min ai wasa ne.

Masu cewa ai da can ne, lokacin ba a waye ba, yanzu ba a yin irinsu. To me ya kawo shi guruf ɗinmu jiya? Abin da ake kallo yau ai na yau ne ko da a 1984 aka yi shi. Kuma tunda na ambaci 1984, ku je ku duba Sixteen Candles na John Hughes, wanda har gobe ake kiransa uban finafinan matasa a Amurka. A ciki akwai yaron da ya karɓi kamfan yarinya ya tara samari a bayan gida yana karɓar dala ɗaya-ɗaya a nuna musu. Akwai jarumin fim ɗin da budurwarsa ta bugu ba ta san inda kanta yake ba ya miƙa ta ga wani yaro ya ce ya tafi da ita. Akwai ɗalibi ɗan Asiya da duk aka ambaci sunansa sai a buga wani ƙarfe ya yi ƙara, duk abin dariyar a kansa shi ne baƙo ne kuma harshensa bai iya Turanci ba, alhali Gedde Watanabe da ya fito a matsayin, a jihar Utah aka haife shi, karya harshen ya yi. Mu da ake kwaikwayon yadda muke Turanci a yi mana dariya, mu ne za mu zauna mu tafa wa wannan? Ita kanta Molly Ringwald, tauraruwar fim ɗin, a 2018 ta yi dogon rubutu a mujallar The New Yorker tana cewa da ta girma ta haihu ta sake duba finafinan nan akwai wuraren da suka dame ta sosai. Wadda ta yi fim ɗin ta ce akwai matsala, kai da ka gani a waya kana ce min na cika zafi.

Masu cewa ai al'adarsu ce su ba su da kunya irin tamu, wannan ma ban karɓa ba. Ɗan shekara sha biyar ɗan shekara sha biyar ne ko a Ohio yake ko a Gusau, abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a yi masa dariya a gaban sa'o'insa. A watan Satumba na 2010 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a jami'ar Rutgers, Tyler Clementi, abokin ɗakinsa ya saita masa kyamarar kwamfuta ya leƙa sirrinsa ya kuma sanar da mutane a Twitter, bayan 'yan kwanaki yaron ya faɗa daga gadar George Washington ya mutu. Kyamara iri ɗaya, ɗaki, abokai, shekara 11 kacal bayan wancan fim ɗin. Ban ce fim ne ya kashe shi ba, kar a juya min magana. Cewa nake abin da aka sayar mana a matsayin abin dariya, ga yadda yake idan ya sauka a kan mutum mai rai.

Kuma jikinka ma ya fi ka gaskiya. Ka san wannan yanayin da kake kallo sai ka ji ka rufe fuska da hannu, ko ka ɗauke kai, ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige alhali ba kai ka yi abin ba? Jamusawa har kalma gare su ta wannan, fremdschämen, jin kunya a madadin wani. A 2011 masu bincike a jami'ar Marburg suka saka mutane a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu mutane cikin abin kunya, suka ga sassan da suke motsawa su ne dai waɗanda suke motsawa idan kana tausayin wanda yake jin ciwo. Wato wannan tsuke fuskar da kake yi tausayi ne, Allah ne ya halicce ka da shi, fim ɗin kuma aikinsa ya danne maka shi da kiɗa har ka saba. Wanda ya saba a allo zai saba a aji.

In kuna son hujja cewa duk maganar ta inda kyamara ta tsaya ce, ku tuna Carrie na 1976. Yarinya marar ƙawaye, aka yaudare ta aka hau da ita dandamali a bikin makaranta aka juye mata bokitin jinin alade a ka ana kallo. Kayan haɗin duk iri ɗaya ne da na finafinan barkwancin nan, makaranta, biki, 'yan gayu, wadda aka raina, taro. Amma shi fim ɗin tsoro ne, saboda an bar ka tsaye a cikin jikinta kana jin abin da take ji.

Ba wai ina cewa kar a yi fim a kan shirmen ƙuruciya ba, haba, wa bai yi shirme ba. Akwai waɗanda suka iya. Eighth Grade na Bo Burnham, 2018, yarinya ce a makonta na ƙarshe kafin ta shiga babbar sakandare, tana yin bidiyo a YouTube tana ba mutane shawarar yadda za su yarda da kansu alhali ba mai kallo kuma ita a makaranta ko magana ba ta iya yi. Akwai inda aka gayyace ta walimar wanka a gidan wata 'yar gayu, ta tsaya a bayan ƙofar gilashi tana kallon yara a ruwa tana haki kafin ta iya fita. Wallahi sai da na tsayar da fim ɗin na tashi na sha ruwa. Akwai kunya a ciki fiye da duk waɗancan, akwai dariya ma, amma kana gefenta, so kake ka shiga allon ka riƙe mata hannu. To ashe ana iyawa. Waɗancan ba su so ba ne, don tozarci ya fi arha kuma ya fi saurin sayuwa.

Abin da ya ƙara ɗaga min hankali, ɗan yayata yana SS1, da safe na tarar da shi da guntun nan a wayarsa, ba daga guruf ɗinmu ba, shi ma ta wani wajen ya zo masa. Na ce me ya ba ka dariya a ciki? Ya ce Kawu ai yaron ne ya kwafsa. Na ce yarinyar fa? Ya yi shiru, ya ce shi bai ma yi tunaninta ba. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, an tsara fim ɗin ne don kar ya yi tunaninta. Mu a lokacinmu abin da aka yi wa yaron nan mai katifa ya tsaya a cikin katangar makaranta, su yanzu kowa da kyamara a aljihu, kafin a tashi daga makaranta abu ya kai garin da ba ka taɓa zuwa ba kuma ba ya goguwa.

Wani abu kuma da ya daɗe yana ci min rai, su fa waɗannan 'yan sakandaren na fim yawanci ba yara ba ne. Rachel McAdams ta kusa shekara 25 lokacin da ta fito a 'yar aji a Mean Girls, Stockard Channing ta haura 30 a Grease. Manya ne da fatarsu ta gama kwanciya, aka yi musu kwalliya aka haska su da fitila aka ce ga 'yan sha shida. Ƙanwar ɗan yayar tawa da nake faɗa muku shekararta 13, ƙurajen balaga sun fara fito mata a goshi, rannan na ji tana roƙon uwarta a saya mata wani man shafawa da ta gani a TikTok wai ita kaɗai ce fuskarta take haka.