Kafin ranar zanga-zanga akwai shekarun rubuta sunaye

A ranar 10 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince, a birnin Paris, da kundin haƙƙoƙin ɗan Adam mai sashe 30, kuma tun daga lokacin ƙasashe da yawa sun ɗebi wani abu daga cikinsa sun zuba a tsarin mulkinsu. Sai dai uwar da aka tsare ɗanta kwana goma ba tare da an kai shi gaban alƙali ba, da leburan da aka danne masa ladan wata uku, ba su taɓa ganin wani sashe na doka ya taso da ƙafarsa ya zo ya cece su ba. Wanda ke zuwa, idan an dace, mutum ne: maƙwabcin da ya san inda ake samun lauya, ko malamar makarantar da ta iya rubuta takardar koke, ko dattijon da idan ya tsaya a ƙofar ofishin 'yan sanda ba a iya korarsa. Ra'ayina shi ne, ƙarfin fafutukar da al'umma ke yi don adalci da zaman lafiya yana cikin wannan aiki ne mai cin rai, wanda ba a ɗaukarsa a hoto, aikin rubuta sunaye da bibiyar ƙorafi da zama taro mako bayan mako, kuma duk wanda ya raina shi ya tsallaka kai tsaye zuwa ranar fita kan titi, yawanci yakan dawo gida hannu rabbana.

Labarin Montgomery da ke jihar Alabama a Amurka shi ne wanda aka fi bayarwa, kuma shi ne wanda aka fi taƙaitawa har ma'anarsa ta ɓace. Yadda ake faɗinsa, wata mata baƙar fata mai suna Rosa Parks ta ƙi tashi ta ba wa Bature kujera a cikin bas ranar 1 ga Disamba 1955, aka kama ta, sai gari ya ɗauka. Abin da ake tsallakewa shi ne, tun 1943 wannan mata take sakatariyar reshen garin na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, tana tattara bayanan baƙaƙen fatar da aka ci zarafinsu, tana rubutawa tana adanawa. Akwai kuma ƙungiyar mata da malama Jo Ann Robinson ke jagoranta, wadda tun cikin 1954 ta rubuta wa magajin garin wasiƙa tana gargaɗinsa cewa mutane na iya ƙaurace wa bas-bas ɗin. Shi ya sa a daren da aka kama Rosa Parks suka iya buga dubun-dubatar takardun sanarwa kafin gari ya waye, domin sun riga sun san wa zai raba su a kowace makaranta da kowace unguwa. Ƙauracewar ta kai kwana 381, kuma abin da ya riƙe ta tsawon wannan lokaci shi ne motoci kusan 300 na sa-kai da ke kai mutane aiki su dawo da su bisa jadawali, da mata irin su Georgia Gilmore da ke sana'ar girki suna zuba ribar a asusun man motocin. Jawaban Martin Luther King, faston da ya jagoranci ƙauracewar, sun zaburar da mutane, babu shakka, amma jawabi ba ya kai 'yar aikin gida wurin aikinta da asuba har tsawon shekara guda.

Wajir, a arewa maso gabashin Kenya, ta fi kusa da irin tashin hankalin da al'ummomi da yawa ke fama da shi a yau. Bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1990, rikici tsakanin dangogin yankin ya yi ƙamari har ya shiga kasuwa, inda matan wani dangi suka daina ciniki da na wani. A 1993 wasu mata ƙalilan, cikinsu har da Dekha Ibrahim Abdi, suka fara da abin da hannunsu zai iya kaiwa, wato su tabbatar kowace mace ta shiga kasuwa ta saya ta sayar lafiya ko daga wane dangi take. Daga nan suka nufi dattawa, suka fara da na ƙananan dangogin da ba su da hannu dumu-dumu a faɗan domin su shiga tsakani, sannan suka jawo matasa da 'yan kasuwa da malaman addini da jami'an gwamnati, har aka kafa kwamitin zaman lafiya da ci gaban Wajir a 1995. Hikimar kwamitin ita ce saurin kai ɗauki: da zarar an ji an kore dabbobi ko an kashe mutum, tawaga za ta tashi zuwa wurin kafin dangin wanda aka yi wa ɓarna su shirya ramuwa. Babu wata hukuma daga babban birni da za ta iya wannan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma su waɗannan mata sun san wane dattijo ne ake jin maganarsa da wane saurayi ne ke ɗauke da bindiga.

Akwai masu cewa duk wannan ƙaramin aiki ne, yana iya kwantar da tarzoma a gari ɗaya amma ba ya taɓa tushen zalunci, wanda ke cikin dokoki da kasafin kuɗi da manyan ofisoshi. Ƙorafin yana da nauyi, kuma na yarda kwamitin unguwa ba zai gyara tattalin arzikin ƙasa ba. Amma a duba abin da ya faru a jihar Rajasthan ta Indiya. A 1990 aka kafa ƙungiyar leburori da manoma ta MKSS, wadda Aruna Roy da abokan aikinta suka assasa daga ƙauyen Devdungri, kuma damuwarsu ta farko ita ce leburorin ayyukan gwamnati ba sa samun cikakken ladansu. Duk lokacin da suka nemi ganin rajistar biyan kuɗi, sai a ce musu sirrin gwamnati ne. Daga ƙarshen 1994 suka fara kiran taron jama'a a fili, a karanta 'yan takardun da aka samo da babbar murya a gaban mutanen ƙauye. A nan ne aka riƙa jin sunayen mamata a cikin waɗanda aka ce an biya, da gine-ginen da aka ce an kammala alhali ko tubali ɗaya ba a aza ba. Wannan karatun rajista a bainar jama'a shi ya girma ya zama neman doka, jihar ta yi tata a 2000, ƙasar Indiya baki ɗaya ta yi dokar 'yancin samun bayanai a 2005. Doka mai shafar mutane fiye da biliyan ɗaya ta samo asali daga tambayar lebura a kan ladan kwana nawa aka rubuta masa. Najeriya ma ta yi irin wannan doka a 2011, kuma amfaninta, kamar na kowace ƙasa, ya rataya ne a kan ko akwai mutanen da za su zauna su rubuta takardar neman bayani, su jira, su sake rubutawa idan an yi biris da su.

Wani ƙorafin ya fi wannan tsanani, kuma bai kamata masu son fafutukar al'umma su kauce masa ba. Al'umma ba koyaushe take gefen gaskiya ba. Taron da ke kama wanda ake zargi da sata ya kashe shi kafin hukuma ta iso, shi ma al'umma ce ta haɗa kai. 'Yan sintirin da aka kafa don tsaron unguwa, waɗanda daga baya suke zama masu azabtar da baƙi da marasa gata, su ma daga cikin jama'a suka fito. A Ruwanda cikin 1994 maƙwabta ne suka riƙa nuna gidajen maƙwabtansu, kuma sanin juna da muke yabawa shi ne ya sauƙaƙa kisan. Saboda haka haɗin kai shi kaɗai bai isa ya zama abin yabo ba, dole a tambayi don wa aka haɗa kan. A nan nake ganin darasin Hilful Fudul, alkawarin da wasu gidajen Kuraishawa suka ƙulla a Makka kafin Musulunci. Wani ɗan kasuwa baƙo daga Yaman ya sayar wa Al-As bin Wa'il kaya, shi kuwa, da yake babba ne a gari, ya ƙi biyansa. Baƙon ya kai kukansa, sai aka taru a gidan Abdullahi bin Jud'an aka yi rantsuwar za a tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, ɗan gari ne ko baƙo, har sai an mayar masa da haƙƙinsa. Annabi Muhammadu (SAW) ya halarci wannan zama yana matashi, kuma bayan annabci ya yabe shi, ya nuna da za a kira shi zuwa ga irinsa zai amsa. Abin lura shi ne, sun tsaya wa wanda ba nasu ba a kan wanda yake nasu. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowace ƙungiya da shi, kuma da yawa daga masu kiran kansu masu kare haƙƙi sukan faɗi a kansa, domin muryarsu ba ta fita sai wanda aka taɓa ɗan addininsu ne ko ɗan ƙabilarsu.

Matan Laberiya sun ci wannan jarrabawa a 2003, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar, lokacin da Kiristoci da Musulmi suka sa fararen kaya suka zauna tare a wani fili a Manrobiya kullum, rana da ruwan sama, ƙarƙashin jagorancin Leymah Gbowee da abokan gwagwarmayarta, sannan suka bi masu tattaunawar sulhu har Akara, babban birnin Gana, suka tare ƙofofin zauren taro. An sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a watan Agusta na wannan shekara. A Kaduna ma, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka taɓa jagorantar matasan da ke gaba da juna, sun kafa cibiyar sasantawa tare a 1995, kuma kowannensu ya sha zargin cin amana daga mutanensa kafin a fara yaba masa.

Abin da ya fi damuna a wannan zamani shi ne yadda aikin ke sauya kama idan kuɗi ya shigo. Ƙungiyar da ta fara da karo-karon mambobinta tana amsa tambayar mambobin ne, kuma idan shugaba ya karkace a cikin taro ake tsayar da shi. Da zarar ta dogara kacokan ga mai ba da tallafi daga waje, sai hankalinta ya koma kan rubuta rahoto da shirya bita a otal, har ta kai ana auna nasara da yawan waɗanda suka sa hannu a takardar halarta. Ba ina nufin tallafi haramun ne ba, domin lauya da sufuri da buga takardu duk kuɗi suke ci, amma ya kamata a riƙa tambaya ko aikin zai ci gaba ranar da tallafin ya yanke. Haɗari na biyu 'yan siyasa ne, waɗanda ke jiran ƙungiya ta yi suna sannan su zo da kyauta gab da zaɓe, alhali kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kafafen sada zumunta kuwa suna da amfaninsu, sun sha tona asirin zaluncin da a da sai dai a binne shi, amma suna iya tara dubban mutane cikin kwana biyu ba tare da sun san juna ba, ba su da asusu, ba su da wanda zai yi magana da yawunsu, ba su kuma shirya wa ranar da za a fara kame ba. Idan hankalin jama'a ya koma kan wani labarin, waɗanda aka tsare sukan rage su kaɗai da iyayensu.

Kada kuma a ɗauka aikin ba shi da tsada. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a ranar 10 ga Nuwamba 1995 saboda gwagwarmayar mutanen Ogoni, an kuma harbe Berta Cáceres a gidanta a Honduras cikin Maris 2016 saboda ta tsaya wa mutanenta a kan wani aikin madatsar ruwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar kare masu kare haƙƙin ɗan Adam tun 1998, amma gwamnatoci da dama har yanzu kallon abokin gaba suke yi wa mai kawo ƙorafi, alhali shi ne ke sanar da su inda wuta ke ci tun tana hayaƙi. Hukumar da ke da hankali za ta buɗe wa irin waɗannan mutane ƙofa, ta amsa takardunsu cikin wa'adi, ta hukunta jami'in da ya tsorata su.

A Ajantina, ranar 30 ga Afrilu 1977, iyaye mata 14 suka tsaya a dandalin Plaza de Mayo da ke gaban fadar gwamnati suna tambayar inda sojoji suka kai 'ya'yansu. An hana taro a lokacin, sai suka riƙa zagaya dandalin bibbiyu. Kafin shekarar ta ƙare an sace Azucena Villaflor, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara, aka kashe ta, amma sauran suka ci gaba da fitowa kowace Alhamis, suna tara sunaye da hotuna da ranakun da aka ɗauke kowa. Da mulkin soja ya faɗi a 1983, bayanan da iyalai da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka adana suna cikin abin da hukumar bincike ta dogara da shi, kuma a 1985 aka gurfanar da shugabannin sojan a gaban kotu. Takwarorinsu kakanni, waɗanda suka duƙufa neman jariran da aka raba da iyayensu a wancan zamani, sun gano jikoki fiye da 130 zuwa yanzu, kuma suna ci gaba da neman sauran.