Yaron da ya ce zai je Kamaru a kan mashin ba mahaukaci ba ne

Tun shekaranjiya abin nan yake cin raina. Wani yaro ɗan unguwarmu ya ce yana tara kuɗi zai hau mashin ɗinsa ya je ya ga dutsen Kamaru mai aman wuta, sai majalisa ta yi masa caa, wani ya ce rashin aikin yi ne, wani ya ce ai wannan harkar Turawa ce masu kuɗin banza, wani ma cewa ya yi a kai shi a yi masa ruƙiyya. Yaron ya yi shiru ya tashi ya tafi. Ni kuma wallahi na ji zafi, don na yi irin tafiyar nan da kaina a ƙarshen 2015, ni da wani abokina, kowa da Boxer ɗinsa, kuma har gobe ban yi wata tafiya da ta buɗe min ido kamarta ba.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka dutse mai aman wuta sai a talabijin, can Indonesiya ko Italiya. Alhali layi guda ne na irin duwatsun nan, tsawonsa wajen kilomita 1,600, ya taso daga tsibiran cikin teku irin su Sawo Tome da Biyoko, ya hau tudu ta dutsen Kamaru, ya ratsa ƙasar Bamenda, reshe ɗaya ya yi Ngaundere, ɗaya ya miƙe har Biu ta jihar Borno. Baƙaƙen duwatsun nan da kake gani zube a gonakin Biu narkakken dutse ne da ya daskare, a bayan gidanmu fa.

Daga Yola muka tsallaka Garwa, zafi kamar a gasa mutum, muka kama hanyar kudu. Kafin ka shiga Ngaundere akwai wani hawa mai kwana-kwana, manyan motoci na rarrafe suna hayaƙi, a nan ne na fara gane abin da mashin yake ba ka wanda mota ba za ta taɓa ba ka ba. Kana hawa kana jin iskar tana sauyawa a fatarka, zufa ta bushe, sanyi ya fara shiga ta hannun riga, shi kansa injin sai ka ji ƙarfinsa ya ragu don iskar sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa, dole ka dawo giya biyu ka lallaɓa shi. Wanda ke cikin mota gilashi a rufe barci ma yake yi, sai dai ya farka ya ga an iso.

Tsakanin Tibati da Banyo zuwa Mayo Darle jar ƙasa ce, ƙura har cikin haƙora, mai kuwa sai na kwalba a bakin hanya wanda suke kira zuwa-zuwa. Gangaren da ake yi zuwa Bankim shi ya fi ba ni tsoro, don in ka danne birki tun daga sama zai ɗau zafi ya daina kamawa, da giya ake sauka a hankali. Wannan ba a wani littafi na koya ba, wani ɗan acaɓa ne da ya ɗauko buhun masara biyu da mace a baya ya tsaya ya nuna mana. To su waɗannan bayin Allah kullum a kan hanyar suke, ba wanda ya taɓa ɗaukar su a bidiyo, amma Bature ya bi ta sau ɗaya a kan BMW mai akwatunan ƙarfe sai mu taru muna cewa kai, jarumi ne. In namu ya ce zai gwada kuma sai ya zama mahaukaci, wannan wace irin rayuwa ce jama'a?

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne Fumbot, gaba da Fumban. Ƙasar baƙa wuluk, tumatur da kabeji da wake ko'ina, tokar aman wutar zamanin da ce ta zama taki. Amma a nan kusa akwai tafkin Monun, wanda a watan Agusta na 1984 ya saki iskar da ta kashe mutum 37. Shekara biyu bayan nan, ran 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yamma ya yi wanda ya fi shi muni, sama da mutum 1,700 da dabbobi kusan 3,500 a dare ɗaya, da yawa shanun Fulani ne. Iskar kabon ce take tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana taruwa a gindin ruwan shekara da shekaru, ranar da ta ɓalle kuma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana kwarara kamar ruwa, ba wuta, mutum na kwance sai numfashi ya ɗauke. Daga 2001 aka fara kafa bututu a Nyos don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan. Da ka tsaya a ƙasar da ke ciyar da mutane kuma ita ce ke iya halaka su, ikon Allah za ka gani ƙuru-ƙuru, sallar da na yi a wurin daban take.

Ƙarshen tafiyar Limbe ne, yashin bakin teku baƙi, dutsen a bayanka sama da mita 4,000 ya shige cikin gajimare. A hanyar Idenau wajen Bakingili muka tsaya inda narkakken dutsen 1999 ya gangaro ya datse titi, tudu ne guda na baƙin dutse mai kaushi, na sa hannu na taɓa. Kuma kusan duk garin da muka kwana sai mun sami unguwar Hausawa, masallaci, mai suya, wani ya ce ku shigo da mashinan cikin gida kar raɓa ta dake su.

Ban ce babu haɗari ba. Akwai, sosai ma. Tun 2016 yankunan Bamenda da Buya, garin da ke gindin dutsen Kamaru, suke cikin rikici, ni kaina yau ba zan shiga can ba kuma ba zan ce wa ɗan kowa ya shiga ba. Tafiyar dare haramun ce a wajena, haka tafiya kai kaɗai, haka damina a kan jar ƙasa. Hular kwano, fasfo, katin rigakafin shawara, takardun mashin cikakku, tib biyu, kayan faci, famfo, fulogi, wayar kuloci, duk sai sun cika, sannan uwa-uba sai mahaifiya ta sa albarka. Wannan ne ya kamata manya su zaunar da yaron su faɗa masa, maimakon dariyar da aka yi masa.

Jiya da daddare na je har gidansu na same shi. Na ce masa ya bar maganar dutsen Kamaru tukuna sai ƙura ta lafa, ya fara da hawan Mambila zuwa Gembu bayan ruwa ya ɗauke, ya koyi sauka da giya, ya ga yadda mashin ɗinsa yake yi a sama. Na kuma ba shi tsohuwar jakar kayan gyarana, ya ce ran Asabar zai kawo min mashin ɗin mu duba sarka da birki tare.