Siminti da intalok na kashe tsofaffin gidajen Jos

Duk wanda ya ratsa GRA ko Rayfield a 'yan kwanakin nan ya ga abin da ake kira gyara. Za a kewaye tsohon gida da kwano, a sare itatuwan da suka girmi mai gidan, bayan wata uku a buɗe, sai ka tarar bango ya sha tayil, tagogin katako sun koma na alminiyom, lambu kuwa an danne shi da intalok. Har gidajen da ake cewa za a mayar ɗakin karatu ko zauren taron al'umma ba su tsira ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Da yawa daga gidajen da kamfanonin kuza irin su ATMN suka bari, da dutse ko jan bulo aka gina su, aka haɗa da laka ko farar ƙasa. Irin wannan bango yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Siminti kuwa ba ya barin ruwa ya fita. In aka shafe bangon da shi, danshin da ke tasowa daga ƙasa sai ya maƙale a ciki, bulo ya riƙa marmashewa ta baya. Damina biyu ko uku, fulasta ta kumbura, ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji tana amsawa kamar ganga. Tsohon birkila ya san haka sarai. Ɗan kwangila ne ba ya son ji, domin siminti kwana biyu ya kama, farar ƙasa kuwa sai an jiƙa ta makonni, a haɗa kashi 1 da yashi kashi 3, a shafa siriri-siriri sau 2 ko 3, ana yayyafa ruwa a tsakani kada iskar hunturu ta tsattsaga ta.

Ba ma daga bango ake farawa ba. A garin da ke samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, rufi ne farko: kwanon da ya huje, indararon da ganye ya toshe, da gefen bututun hayaƙin murhun ɗumama ɗaki, inda yoyo ya fi somawa. Sai kafinta ya hau silin ya caccaki katako ya ga inda gara ta ci, ya yanke ruɓaɓɓen kawai ya haɗa sabo. In silin ɗin na asbestos ne, kada a sa masa guduma, ƙurarsa na lalata huhu.

Intalok yana ɗaga ƙasar tsakar gida har ta kai daɓen ɗaki, ruwa ya rasa wajen nutsewa ya koma gindin bango. Ya kamata ƙasar waje ta sauka aƙalla inci 6, ta kuma gangara nesa da gini. Itacen turaren da saiwarsa ta shiga ƙarƙashin harsashi, a cire shi. Amma mangwaro da piya da shingen ƙerana, me suka yi? Inuwarsu ce za ta zaunar da yara da dattawan da aka ce don su ake aikin.

Masu cewa gidan Bature ne, a rushe a gina shaguna, sun manta gumin leburorin kuza ne ya tsayar da shi, har da waɗanda aka kwaso aikin tilas lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Jos ba ta da uzuri. Nan Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya kafa gidan tarihi a 1952, nan ne kuma aka gina kwafin ganuwar Kano da masallacin Zariya a MOTNA, wato gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Najeriya, da ƙasa da hannun magina. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tana nan tun 1979. Ita da gwamnatin Filato su ƙirga gidajen da suka rage, su hana a taɓa ko ɗaya sai wanda ya san aikin farar ƙasa ya duba, su kuma nemo tsofaffin maginan da ke raye a Bukuru da Naraguta su koya wa matasa.