Gansakukar akwatin kifi: an bar jaki ana dukan taiki

Jiya da daddare wani ƙanena ya turo mini hoton akwatin kifinsa na gilashi, ruwan ya koma kore shar kamar miyar kuka, ko kifi ɗaya ba a hange a ciki. Ya rubuta a ƙasa: "Yaya, wane magani zan saya?" Na ce masa kada ya sayi komai, ya fara gaya mini awa nawa fitilarsa take yi a kunne. Ya ce tun da asuba yake kunnawa, sai zai kwanta yake kashewa, wato kusan awa 16. Na ce to ka ga mai laifin nan, kuma a bangon ɗakinka makunninsa yake.

Tambayar nan tasa ita ce ta sa na zauna rubutun nan, domin ni ma na yi ta, kuma na biya kuɗin makaranta.

Shekarata ta farko da akwatin kifi mai tsirrai, mai cin lita 60, na sha wuya a hannun wata baƙar gansakuka mai kama da gemun bunsuru. Takan kama gefen ganye da bakin bututun filta, wato na'urar tace ruwa, ka ja da farce ta ƙi fita. Na je wani shago, mai shagon ya miƙo mini kwalba ya ce, "Alhaji, wannan kwana uku ya gama da ita." Kwana uku ya gama da jatan landena guda shida. Gemun kuwa ya ɗan yi fari, bayan mako biyu ya dawo da 'yan uwansa. Garin neman gira na rasa ido. Daga baya na gane wasu daga cikin irin waɗannan magunguna akwai sinadarin tagulla a cikinsu, shi kuwa guba ne ga jatan lande da dodon koɗi. Ban ga laifin mai shago sosai ba, abin da na tambaya shi ya sayar mini.

Ra'ayina, wanda na san wasu ba za su so ba, shi ne gansakuka ba cuta ba ce da za a nema wa magani. Ƙwayoyinta suna cikin kowane ruwa, suna jikin kowane tsiro da ka sayo, har ƙurar iska tana ɗauke da su. Ba za ka taɓa raba akwatinka da su ba. Abin da yake hana su tashi shi ne tsirrai masu lafiya da suke girma ba tsayawa. Ranar da tsiro ya tsaya, ganyensa ya fara rauni yana zubar da abin da ke cikinsa, ranar gansakuka ta samu wurin zama. Duk manomi ya san gonar da dawa ta rufe ƙasa ba ta cika ciyawa ba, sai wadda shuka ta tsumbure.

Babban kuskuren da na yi bayan kwalbar nan shi ne na daina zuba taki gaba ɗaya. Tunanina a lokacin: taki ne yake ciyar da gansakuka, in na hana ta abinci za ta mutu. Na shafe wata biyu a haka. Tsirraina suka yi rawaya, tsofaffin ganye suka huhhuje, sannan wata sabuwar baƙuwa ta sauka: wani shuɗi-koren yauƙi da yake shimfiɗuwa a kan yashi kamar leda, mai wari irin na bakin kududdufi. Uwargida ta ce ko dai in fitar da akwatin nan daga falo ko ita ta fita. Wannan yauƙin ma asalinsa ba gansakuka ba ne, ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira sayanobakteriya, kuma sun fi samun sake a akwatin da naitiret, ɗaya daga cikin sinadaran taki, ya ƙare kuma ruwa ba ya motsi. Wato yunwar da na ƙaƙaba wa akwatin ita ta kira su.

Dalilin a fili yake in mutum ya natsu. Gansakuka ƙaramar halitta ce, ɗan abin da ko na'urar gwaji ba ta iya gani ya ishe ta rayuwa. Tsiro kuwa mai saiwa da kara da ganye ne, cikinsa babba. In ka ce za ka yi horon yunwa a gidan da akwai ƙato da kiyashi, ka san wanda zai fara faɗuwa.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta noma da ake jinginawa ga Bajamushen nan Justus von Liebig tun ƙarni na 19: shuka ba ta girma gwargwadon abin da ya fi yawa a ƙasa, sai gwargwadon abin da ya fi ƙaranci. Ka ɗauki bokitin da ya huje a tsakiya, ko tulu goma ka juye masa, ruwa ba zai wuce hujin ba. Tsiron cikin ruwa yana buƙatar haske, da iskar CO2 (wadda muke fitarwa in mun yi numfashi), da naitiret, da fosfet, da fotasiyum, da 'yan ƙananan sinadarai irin su ƙarfe. A cikin waɗannan duka haske ne direba. In ka ƙara shi, ka taka wa tsiro totur ke nan, zai nemi ƙarin CO2 da ƙarin taki nan take. In bai samu ba ya tsaya cak, hasken da ya rage kuma ya zama na gansakuka.

A nan ne yawancinmu muke faɗawa rami. Fitilun LED sun yi arha, suna da ƙarfi, mutum ya sayi mai hasken filin ƙwallo ya ɗora a kan akwatin da ba shi da tukunyar da take cusa CO2 cikin ruwa. Ruwan da ba a ƙara masa iskar nan ba, abin da yake riƙewa 'yan miligiram kaɗan ne a lita. Masu tukunya kuwa wajen miligiram 30 suke nema. Tazarar da ke tsakani ita ce take fitowa a matsayin gemu a bakin ganye.

To me ya sa muke sayen irin fitilun? Saboda hotuna. Duk wanda ya shiga harkar nan ya ga aikin Takashi Amano, mutumin Japan da ya kafa kamfanin Aqua Design Amano a 1982, ya rasu a 2015. Akwatunansa kamar an yanko daji an saka a gilashi, har jatan landen da ya yi suna wajen cin gansakuka da sunansa ake kiransa. Ina girmama aikinsa ƙwarai. Amma irin wannan akwati yana tsaye ne a kan wutar da ba ta ƙiftawa, da CO2 mai shiga a kan lokaci kullum, da ɗaki mai sanyi. Haka ma tsarin da Tom Barr na Amurka ya yaɗa, inda ake zuba taki fiye da buƙata sannan a canja rabin ruwa duk mako. Tsarin ya tabbatar da abu mai muhimmanci, cewa yawan naitiret da fosfet shi kaɗai ba ya haifar da gansakuka a akwatin da tsirrai suka cika suna girma. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Sai dai wanda zai kwaikwaye shi a Kano ko Zariya ya fara tambayar kansa, in an ɗauke wuta ƙarfe goma na safe aka dawo da ita ƙarfe biyun dare, ina lissafin ya kwana?

Gansakuka, musamman baƙar nan, ba abin da take so kamar hawa da sauka. Yau haske awa 12, gobe awa 3, jibi babu. Tsiro yana ɗaukar kwanaki kafin ya saba da sabon yanayi, ita kuwa nan da nan ta juya. Ga kuma filta: in ta tsaya awanni da yawa cikin zafi, bakteriya masu amfani da ke cikin soson suna rasa iska su mutu, wuta na dawowa ta watso dattin cikin akwati, amoniya, gubar da take fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen datti, ta ɗaga. Ɗan tashin amoniya ɗin nan tare da haske mai ƙarfi shi ne yake kawo koren ruwa irin na ƙanena. Ni dai abu mafi amfani da na taɓa saya wa akwatina ba taki ba ne, ba fitila ba ce: na haɗa fitila da filta a kan ƙaramar inbata ta sola, na sa wa fitilar na'urar saita lokaci. Awa 6 kullum, daga huɗu na yamma zuwa goma na dare, lokacin da muke gida muna kallo. Da abubuwa suka daidaita na kai 7. Ban taɓa wuce 8 ba.

Sai zafi, wanda littattafan Turawa ba su cika damuwa da shi ba. Yawancin tsirran da ake sayarwa sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 26. A watan Afrilu, lokacin da waje yake haura 40, ruwana yakan kai 31. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, tsirrai su galabaita, kifi ya riƙa haki a sama. A irin wannan lokaci nakan rage haske, in rage abinci, in sa 'yar fanka tana hura saman ruwan. Fankar tana sauke digiri biyu ko uku, amma tana shanye ruwa. Nan ma akwai tarko: ruwa ne kawai yake tashi, gishirin da ke cikinsa yana nan. Wanda yake cikewa da ruwan burtsatse kullum ba ya kwashewa, tara gishiri yake yi. Cikewa daban, canjin ruwa daban. Ni duk Asabar nake kwashe kusan kashi ɗaya cikin uku, in zuƙe dattin da ya kwanta a yashi. In ruwan famfo ne, a kashe kulorin ɗinsa tukuna. In na rijiya ne a cikin gari, a gwada shi, domin wata rijiyar da ke kusa da masai naitiret ɗinta ya wuce wanda kake ƙoƙarin cirewa.

Ga masu cewa za su ɗebi NPK ko yuriya na gona su jefa a akwati tunda duk taki ne: don Allah a bari. Naitirojin ɗin da ke cikinsu galibi na amoniya ne ko mai komawa amoniya, kifi zai riga tsiro amsawa.

Abin da ya fi ba ni dariya a tafiyar nan shi ne tsirran da suka cece ni 'yan gida ne. Anubias barteri, wanda duk shagon kifi na duniya yake sayarwa, ɗan Afirka ta Yamma ne, yana fitowa a rafukan dajin kudancin Najeriya da Kamaru. An sa masa sunan Charles Barter, mai tattara tsirrai da ya biyo tawagar binciken ɗan Birtaniya William Baikie a kogin Neja a 1857, ya rasu a Rabba, a jihar Neja ta yau, a 1859. A inuwa yake rayuwa, ba ya son haske mai yawa, ba ya neman tukunyar CO2. A ɗaure shi a jikin dutse ko itace, kada a binne kararsa, in an binne ruɓewa take yi. Da yake a hankali yake girma, in ka sa shi ƙarƙashin fitila kai tsaye shi gemu zai fara kamawa, don haka a ba shi lungu. Wanda kuma suke kira tiger lotus suna tsawwala masa kuɗi, badonmu ne na tafki.

Sai kainuwa. Mun taso muna jin ana ce mata dashen Allah, ba mu ɗauke ta bakin komai ba. Na ɗebo 'yan ƙanana daga wani tafki, na wanke, na ajiye su mako biyu a bokiti daban saboda ƙwari da tsutsa, sannan na zuba. Da yake ganyenta a sama yake, CO2 ɗinta daga iska take sha, ba ta jiran na cikin ruwa. Saiwarta tana zuƙe rarar abinci, ganyenta yana yi wa na ƙasa rumfa. Aibinta ɗaya, ba ta san ya isa ba. In ka ƙyale ta za ta rufe saman duka, ta shanye naitiret tas, ka koma gidan jiya. Duk mako nake kwashe rabi, kuma a shara nake zubawa, ba a kwata ko rafi ba.

Ba na cewa a zauna a naɗe hannu ana kallon wadda ta riga ta fito. Ganyen da gemu ya cinye a yanke shi. Mai kama da gashi a naɗe ta da tsohon buroshin haƙori. Wadda ta kama dutse, a kashe filta, a ɗiga mata ruwan haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari da sirinji, kaɗan-kaɗan, bayan kwana ɗaya ko biyu za ka ga ta yi ja, alamar ta mutu. Koren ruwa da yauƙin nan mai wari kuwa, a lulluɓe akwatin da bargo kwana uku cur, ba leƙe, filta tana aiki, sannan a canja ruwa. Gansakuka mai kama da ƙura, launin ruwan ƙasa, da take kama sabon akwati a makonnin farko, ita ko ba ka yi komai ba tafiya take yi. Dodon koɗi da ɗan kifin nan otosinkulus suna taimakawa, amma masu shara ne, ba za su gyara maka fitila ba. Duk waɗannan aski ne, in ba ka taɓa dalilin ba gashi zai sake tsirowa.

Kuma a riƙa canja abu ɗaya a lokaci guda, a jira mako biyu ko uku. Sabon ganye ake dubawa, tsohon da ya lalace ba ya warkewa. Mai rage haske yau, ya ƙara taki gobe, ya sauya filta jibi, ko abin ya gyaru bai san me ya gyara shi ba.

Ƙanena ya lulluɓe nasa tun da safe da bargon yaransa, ya yi alkawarin ba zai leƙa ba sai Juma'a. Na ce in ya buɗe ya zo ya karɓi kainuwa, dama washegari ne ranar kwasa. Nawa akwatin har yanzu akwai 'yan ɗigon kore a gilashin baya, na bar wa dodon koɗi su.