Taronmu na injiniyoyi da kujerar da mai walda bai taɓa zama a kai ba

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan an watse daga taronmu na wata-wata, mu huɗu muka rage muna tattara kujeru: ni, da sakatarenmu, da wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe, da ma'ajinmu wanda ya haura shekara 60 amma har yau shi ke naɗe wayar majigi da hannunsa. An gabatar da maƙala mai kyau a kan tsatsa, an tafa, an ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. A hanyar komawa gida na bi ta tsohuwar Panteka, kasuwar maƙera da masu walda ta Kaduna, ƙarar guduma da tartsatsin walda ko'ina, sai abin da ya daɗe yana cina a rai ya taso mini. Mun shafe awa biyu muna zancen ƙarfe, amma cikin mutanen da ke wuni da ƙarfe a hannunsu babu ko mutum ɗaya a zauren.

Bari in fara da gabatar da mu, domin sau da yawa idan na ce ga fannina sai a ce, "To, injiniyan me ke nan?" Injiniyan gini shi ke zana gada, injiniyan inji shi ke zana injin niƙa. Mu namu aikin shi ne amsa tambaya biyu: da me za a yi abin, kuma idan ya karye, me ya karya shi? Ƙarfe, alminiyam, tagulla, roba, tangaran, gilashi, duk gonarmu ce. Ƙungiyarmu kuwa ƙarama ce, ta sa-kai, babu mai karɓar albashi a cikinta.

Wanda bai taɓa riƙe muƙami a irin wannan ƙungiya ba, ba zai san abin da ke bayan taron awa biyu ba. Tun mako uku kafin ranar ake fara bin mai laƙca da waya. A nemi aron zaure, a rubuta wasiƙa, a koma a tuna wa wanda aka kai wa wasiƙar. A tura sanarwa a WhatsApp, mutum 70 su gani, mutum 9 su amsa. Kuɗin wata-wata ba ya isar man janareta da ruwan sha, sai sakatare ya cika daga aljihunsa ya yi shiru, sai ranar da ma'aji ya matsa masa sannan ya faɗa. Na san ranar da mai laƙca ya kira da daren Juma'a ya ce tafiya ta kama shi, wata 'yar'uwarmu mai goyo ta kwana tana haɗa jawabi don kada mutane su zo su tarar da zaure babu komai. Ɗaurin aure nawa muka aika da uzuri saboda ya faɗo ranar taro? Iyalanmu ma suna cikin wannan sa-kai ko da sunansu ba ya cikin rajista, kuma ina yi musu godiya.

Me ya sa muke yi? Ni dai dalilina dattawan nan ne. Kaduna gari ne da ya tara hannayen da suka yi aiki a masana'antu na gaske. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964, Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975, matatar mai ta buɗe a 1980 da ƙarfin tace ganga 100,000 a rana. Kadpoly ta faro tun 1956 a matsayin makarantar koyon fasaha, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da sashenta na ƙarafa, ga hukumar binciken albarkatun da ake sarrafa ƙarfe da su a Malali. Mutanen da suka yi ƙuruciyarsu a waɗannan wurare yanzu sun yi ritaya, suna zaune a Barnawa da Unguwar Rimi da Tudun Wada, kuma abin da ke kansu babu shi a littafi. Wani dattijo da ya yi shekaru yana kula da tukunyar tururi a wata masaƙa ya taɓa tsayar da wani matashin malami a tsakiyar laƙca, cikin ladabi, ya ce, "Ɗana, lissafinka daidai ne, amma ka tambayi ruwan da ake zuba wa tukunyar tukuna." Ya bayyana yadda ruwan da ba a tace ba ke barin ɓawo a cikin bututu, ɓawon ya hana zafi ratsawa, ƙarfen ya yi ta gasuwa har ya kumbura ya fashe. Minti biyar ya yi yana magana, ɗalibai suna rubutu kamar za su yaga takarda. Saboda irin wannan minti biyar ɗin nake ɗaukar kujeru.

Akwai masu zuwa don takardar shaidar halarta kawai, su sa hannu su fice kafin a kai rabi. Ba zan ɓata lokaci a kansu ba, wataƙila wata rana su zauna.

Damuwata ta fi wannan. Muna taro da Turanci, a zaure mai fanka, muna nuna wa juna hotunan da aka ɗauka da madubin ƙara girma, alhali ƙarfen da garin nan ke amfani da shi a zahiri yana hannun wasu mutane dabam. Ƙofar gidanka, tankin ruwanka, injin markaɗe, injin ɓare masara, tukunyar da ake dafa abincin biki, amalanke, garma, daga Panteka suka fito ko daga rumfar mai walda ta bakin titi. Ɗanyen kayan kuma 'yan jari-bola da 'yan gwangwan ne suka tattaro shi. Waɗannan su ne masana'antar ƙarfen da ke aiki kullum a Kaduna. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka aza harsashinta tun wajen 1979 har yau muna jira, su kuwa ba su jira kowa ba.

Kuma kada wani ya ɗauka cewa mu ne masu ilimi su ne masu buƙata. Na koyi wannan darasi ranar da na kai wani kaskon inji da ya tsage, ƙarfen kas, wato na zubi, wurin wani dattijo mai walda. Na ce, "Baba, zai yi kuwa?" Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya saurari ƙarar. Ya ɗan taɓa shi da injin gurza ya kalli tartsatsin. Sannan ya huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ya gasa kaskon gaba ɗaya a wuta, ya yi waldarsa kaɗan-kaɗan yana bubbugawa, da ya gama ya binne shi a cikin toka ya ce, "Injiniya, sai gobe. Idan iska ta buge shi yanzu, aikin banza muka yi." Duk abin da ya yi haka yake a littattafanmu. Kas yana da sinadarin kabon sama da kashi 2 cikin 100, idan ya huce da gaggawa gefen waldar yakan yi tauri irin na gilashi ya sake tsagewa. Ni na san dalilin, shi ya san aikin. Da na faɗa masa dalilin da Hausa sai ya yi murmushi ya ce shekara da shekaru yana yi, maigidansa ma haka ya koya masa, amma ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ke faruwa a cikin ƙarfen. Daga nan ya jero mini tambayoyi har la'asar: me ya sa sifirin mota ke yin wuƙa mai kyau amma rodi ba ya yi, me ya sa wani ƙarfen ake tsoma shi a mai wani a ruwa, me ya sa sandar walda ke tofi da damina. Amsar ta ƙarshen mai sauƙi ce, laima ce ke shiga jikin sandar ta bar ƙananan ramuka a cikin waldar, maganinta a adana ta a busasshen wuri. Mutumin da ke da irin waɗannan tambayoyi, me ya hana mu ba shi kujera a gaba?

Akwai kuma abubuwan da muka sani waɗanda rashin faɗarsu alhaki ne a wuyanmu. Ɗauki rodi. Rodi mai milimita 12, idan cikakke ne, mita ɗaya tana da nauyin giram 888. Sanda guda mai mita 12 za ta kai kilo 10 da rabi da ɗoriya, wato tan ɗaya bai kamata ya wuce sanda 94 ba. Idan mai shago ya ce maka nasa tan ɗin sanda 110 ne, ba rangwame ya yi maka ba, rodin ne aka rage masa jiki. Mai milimita 16 kuwa mita ɗaya kilo 1.58 ce. Wannan gwaji ba ya buƙatar ɗakin bincike, tef da zarto da sikeli sun isa. Sikeli ba zai gaya maka ƙarfin rodin ba, wannan sai injin da ke jan rodi har ya tsinke, amma zai kama wanda aka tsuke. Rodin da ya karye ƙaras lokacin da ake lanƙwasa shi kuwa, maimakon ya bi hannu, shi ma ya faɗi halinsa tun kafin ya shiga kankare. Magini nawa ne a Rigasa ko Mando ko Sabon Tasha ya san wannan lissafin? Mu mun san shi tun muna aji biyu, muka ajiye shi a zaure.

Ga batun tukunya, wanda ya fi taɓa ni domin ya shafi yara. Masu zubin tukwane suna narka alminiyam a zafin da ya kai digiri 660, kuma gwanaye ne a aikinsu. Matsalar tana cikin tarkacen da ake zubawa. Idan guntun batir ko wani abu mai dalma ya shiga, tana narkewa tun a digiri 327 ta gauraye, ido ba ya ganinta, daga baya ta riƙa fita a hankali cikin abinci, musamman mai tsami. Mu 'yan Arewa mun san gubar dalma, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010 lokacin da yara sama da 400 suka rasu ta dalilin niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Ban ce kowace tukunya tana da guba ba, kuma ba na so wani ya ɗauki maganata ya kashe wa bayin Allah kasuwa. Abin da nake so shi ne mu zauna da masu zubin mu nuna musu tarkacen da za su ware. Su ma 'ya'yansu a wannan tukunyar suke ci. Haka yaran da ke walda a kan bututun galbanaiz, wato mai shafen zink, suna shaƙar farin hayaƙin nan na zink, da dare zazzaɓi ya rufe su, da safe a ce su sha madara. Madara ba ta tare hayaƙi. A gurje shafen kafin a yi walda, a yi aikin a fili inda iska ke wucewa.

Na taɓa kawo wannan magana a taron shugabanni, aka ba ni amsa biyu. Ta farko, wai Hausa ba ta da kalmomin. Wannan ban yarda da ita ba. Harshen da ke da tama, da zuga-zugi, da uwar maƙera, da masaba, da awartaki, harshen da ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, ba baƙon ƙira ba ne. A wannan yanki namu, mutanen al'adar Nok, da aka sa wa sunan wani ƙauye a kudancin jihar nan, suna narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Inda kalma ta ɓace mana, mu ari ta Turancin mu lanƙwasa ta yadda masu sana'ar suka riga suka yi da walda da rodi da kas. Gaskiyar ita ce bayani da Hausa ya fi wuya, domin ba za ka iya ɓuya a bayan manyan kalmomi ba. Sai ka fahimci abu sosai kake iya faɗa wa Baba shi ya gyaɗa kai.

Amsa ta biyu ta fi nauyi, kuma ina girmama wanda ya faɗe ta. Ya ce mu ƙungiyar ƙwararru ce, ɗalibanmu da matasan malamai suna buƙatar wurin da za su gabatar da bincike mai zurfi a yi musu tambayoyi masu zafi, idan muka mayar da komai wayar da kai za mu rasa wannan. Gaskiya ne, kuma ban ce a daina ba. Cikin tarurruka 12 na shekara, uku kawai nake roƙo. A yi su da Hausa, a yi su a inda masu sana'ar suke, kuma a bar su su kawo abin da ya karye a hannunsu mu taru a kansa. Mu ma za mu samu. Ɗaliban da ke yawo suna neman batun bincike suna kwafo na wasu ƙasashe, rumfa ɗaya a Panteka za ta ba su matsala goma da ba a taɓa rubutu a kansu ba. Ƙanwar tamu da muke tattara kujeru tare ta riga ta ce tana so ta auna tukwanen.

Na koma wurin dattijon nan mai walda shekaranjiya na faɗa masa abin da nake shirin sake gabatarwa a taro mai zuwa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Injiniya, idan da gaske kuke, kada ku sa Asabar da safe, lokacin ne masu kawo aiki suka fi yawa. Ku sa Lahadi bayan la'asar. Kuma ku fara zuwa wurin shugabanninmu ku gaishe su, kada ku aiko da takarda." Ya ce benci shi zai kawo, mu zo da sikelin da guntayen rodi daga shago uku dabam-dabam.